Akwatin Wuta da Kaset ɗin Innarki

Karaye,
ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin sauka Kaduna lafiya, kin tarar da Gwaggonki Rabi da maigidanta da yara cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa kin shiga makarantar nan a sa'a, ya tsare ki a hanya da aji da makwanci, ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Yau kwananki tara da tafiya, amma har yanzu in na dawo daga shago sai in yi sallama da ƙarfi a zaure, in tsaya jiran amsa, sannan in tuna.

Malam Sule direba, wanda zai miƙa miki wannan takarda, zai ba ki kwali ɗaya ɗaure da igiyar rama. Akwatin wuta ne a ciki. Mu masu gyaran rediyo saflai muke ce masa, Innarki ce ta raɗa masa akwatin wuta, sunan kuma ya bi shi har yau. Na ba ki shi halak malak. Tunda kin nace sai kin karanci aikin lantarki, duk da surutun da aka yi mana daga Karaye har Ruwan Bago, gara ki riƙe naki a ɗaki, ba sai kin bi layi a makaranta ba.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi. A tasha, da mota ta tashi, kin leƙo ta taga kin ce, "Baba, kaset ɗin Inna fa?" Na ce zan aiko miki da shi tare da akwatin. Ummi, ƙarya na yi miki, kuma ba ranar na fara ba, shekara biyu ke nan ina yi. Kaset ɗin da muryar mahaifiyarki take ciki ya lalace, ni na lalata shi da hannuna, a kan wannan akwatin da na aiko miki. Zan gaya miki yadda aka yi. Amma kin san halina, sai na yi kewaye nake isa ga magana. Ki bar ni in fara da akwatin, don in kin fahimce shi za ki fahimci laifina, ba sai na yi wa kaina ado ba.

Kin iya riƙe mita, kin iya dalma fiye da wasu masu gemu, amma ban taɓa barin ki kunna wannan akwati ba, kin sha yi mini fushi a kan haka. Aikinsa ɗaya ne: ya karɓi wutar gari ya mai da ita irin ta batir, gwargwadon yadda kika umarce shi. Yana da abin murɗawa biyu da allura biyu. Na hagu shi ne ƙarfin wuta, wato bol. Na dama shi ne iyakar wutar da za ki yarda abin da kike gyarawa ya sha, wato amfiya. Sai waya biyu masu bakin kada, ja da baƙa. Maigidana da na koyi aiki a wajensa a Sabon Garin Kano shi ya ba ni ranar da ya yaye ni. Ya ɗora hannu a kansa ya ce da Hausarsa ta mutanen kudu, "Isa, wannan abu ba shi da tausayi, ba shi kuma da mugunta. Abin da ka gaya masa shi zai yi." Na ce to, na gode, na ɗaure shi a bayan keke, a raina ina cewa tsoho ya cika surutu.

Ban cika shekara da buɗe shago ba na ga abin da yake nufi. Ranar kasuwa ce. Na gama gyaran rediyon wata babbar mota, na bar akwatin a kan bol goma sha biyu, ban mai da shi ƙasa ba. Sai ga Kawu Jauro daga Falgore, kawun Innarki, wanda kika sani da tsufansa. Lokacin da ƙarfinsa, sanda a kafaɗa, ɗan rediyonsa mai rigar fata a rataye. Batir huɗu yake ci, bol shida ke nan. Wannan rediyo ya bi shi duk inda shanu suka kai shi, ya ce kwana biyu ya daina magana. Ni kuma sabon suruki, ina so in nuna gwaninta. Muna cikin gaisuwa, ina tambayarsa shanu, ina tambayarsa mutanen ruga, hannuna ya riga ya maƙala wayoyi ya kunna. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan lasifika.

Kawu ya shaƙa ya ce, "Malam Isa, wannan ƙamshin na gyara ne?"

Na ce, "Kawu, na ƙona shi."

Ya dubi rediyon, ya ce, "To, dama ya tsufa." Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai da na yi sawu uku zuwa Kano kafin in haɗa kayan da suka ƙone, na kai masa har Falgore da ƙafata. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa aka dama mini fura. Amma muryar rediyon ba ta koma yadda take ba, shi ma bai ƙara kawo mini gyara ba har ya rasu, Rogo yake kaiwa. Da na ba Innarki labari, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba ta ce, "Kai dai hannunka ya fi idonka sauri."

Saboda haka, duk lokacin da kika gama aiki, ki mai da abin murɗawar nan biyu ƙasa gaba ɗaya kafin ki kashe, ko da ana kiran ki a waje, ko da an ta da salla. In aka kawo miki abu, ki buɗe gidan batir ki ƙirga: kowane batir bol ɗaya da rabi ne. Ki saita wutar wayoyi suna rataye ba su taɓa komai ba. Kada kuma ki yarda da allurar hagu. Tun da akwatin ya faɗo daga kan babur a hanyar Rogo take rage gaskiya, in ta nuna shida to ya kusa shida da rabi. Ki ɗora mitarki a bakin wayoyin ki gani da idonki. In kuma mutum yana gaishe ki, ki ajiye waya ki amsa gaisuwa tukuna, ba a haɗa su.

Labari na biyu ba shi da tsawo, kuma kin sha jin mutane suna tsokanata da shi. Rediyon hedimastan Tudun Kaya ne. Na buɗe na ga jar waya da baƙa, na ce ai magana ta ƙare, ja ga ja, baƙa ga baƙa. Ashe wani gwani ya riga ni shiga ciki, wayar da ya samu a ƙasa ita ya liƙa, ja a gurbin baƙa. Ina kunnawa kafasita, 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, ta fashe kamar an harba bindiga, takardar cikinta ta watsu har cikin gemuna. Ɗanlami mai shayi ya bar tukunyarsa ya yi ta kansa, har yau in ya gan ni sai ya ce, "Soja, yau ba harbi?" Launin waya ba shaida ba ne, Ummi. Ki bi ta da mita har zuwa gidan batir, inda ɗan ƙarfe mai lanƙwasa yake nan ne baƙa. Ramin da ake soka wayar wuta a jikin rikoda ma haka, wasu tsakiyarsa ja ne, wasu baƙa, ki duba zanen da ke gefensa, in ya goge ki auna.

Kafin in manta: Gwaggonki ba ta iya ganin abu a ɗaki ba ta rufe shi da ƙyalle mai ado ba. Ki gaya mata cikin ladabi wannan ba a rufe shi in yana aiki, ta ramukan bayansa yake shan iska. In an ɗauke wuta ki kashe shi nan take, ki cire abin da kika maƙala, don wutar da ake dawowa da ita wani lokaci da hauka take zuwa. Kada ki yi cajin batirin motar kowa da shi, ko mijin Gwaggonki ne ya roƙa, ki ce ni na hana.

Saura abin murɗawa na dama. Shi ne linzamin akwatin, shi ne kuma wanda na raina shekara da shekaru. Ga yadda ake yi. Ki sa bol kaɗan, kamar biyu. Ki haɗa bakin ja da baƙa, ki murɗa na dama a hankali har allurar dama ta tsaya daidai abin da kika yarda a sha. Ƙaramin rediyo bai kamata ya kai kwatan amfiya ba, rikoda mai juya kaset ki ba ta rabi. Sai ki raba wayoyin, ki saita bol, sannan ki maƙala. In akwai ciwo a ciki, akwatin zai kai iyakar da kika sa ya tsaya, bol ya faɗi, babu abin da zai ƙone. Wannan faɗuwar magana ce yake yi miki, cewa yake ki kashe ki nemi dalili. Ni kuwa na ɗauke ta ɓata lokaci. Na murɗe na dama har ƙarshe na bar shi haka, ina taƙama idona yana kan allura, in ta yi tsalle zan kashe.

To, ga maganar kaset.

Kin san asalinsa, amma bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Kina shekara shida aka yi shi. Saƙo ne Innarki ta yi wa yayanta Bello da ke zaune a Jidda, za a ba wani maniyyaci ya kai masa, sai mutumin ya tashi kwana biyu kafin ranar da ya faɗa mana, kaset ya zauna a gida. Ita kunyar rikodar take ji kamar baƙo. Sai da ta kore ni daga ɗakin, na danna mata na fita na tsaya a bakin rijiya. Maganar duka ba ta fi minti huɗu ba. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta ba shi labarin gyaɗar da muka samu a gonar Ruwan Bago, ta ce haƙorinki na gaba ya faɗi. Ana nan sai ga muryarki kina cewa, "Inna, wa kike yi wa magana?" ta ce ki yi shiru Kawunki Bello ne. Daga nan ta ce "baban Ummi kuwa," sai ta rage murya ta juya zuwa Fillanci, ta yi magana mai ɗan tsawo, ta yi dariya, ta koma Hausa ta yi ban kwana. Da damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa.

Shekara goma sha ɗaya muna jin kaset ɗin nan ni da ke, ranar salla, da duk ranar da kika ce kina so. Sau nawa na ji ni kaɗai a shago, wannan ban gaya miki ba.

Shekara biyu da suka wuce, kina hutu a Falgore wajen kakarki, rikodar gida ta fara ja. Muryar Innarki ta yi kauri, tana tafiya a hankali kamar mai ciwo. Ban iya jure jin ta haka ba. Na ɗauki rikodar na kai shago da hantsi, na buɗe bayanta, na maƙala mata akwatin wuta a bol shida. Akwai kaset na gwaji a kwali a ƙarƙashin tebur, sun fi ashirin, waɗanda ko sun tsinke ba asara. Ke kanki kin ji ni ina gaya wa mutane kada a bar kaset mai daraja a cikin rikodar da ake gyara. Amma na ce a raina, muryar wa na sani kamar tata? Da ita zan fi gane ko saurin ya daidaita. Wannan dalilin da na ba kaina ke nan. Gaskiyar ita ce so nake in ji ta.

Na danna. Ta yi sallama da wannan murya mai nauyi. Allurar dama ta hau fiye da yadda ya kamata, na gani da idona. Abin da take gaya mini a fili yake: wani abu ya cije a ciki, ɗan injin da ke juya kaset yana wahala. Bel ɗin injin na roba ne ya narke ya zama kamar ƙaro, daga baya na gani, aikin minti goma. Da na sa linzami a rabin amfiya, da akwatin ya tsaya da kansa ya hana ni. Amma na dama a buɗe yake har ƙarshe, kamar kullum. Maimakon in kashe, sai na kai hannu ga abin murɗawa na hagu na ƙara wuta. Bakwai. Muryar ta ɗan washe. Takwas. Ta dawo daidai, Ummi, kamar tana tsaye a bayana. Ta kai wajen "baban Ummi kuwa," ta shiga Fillanci, ni kuma na rufe ido. Mai taƙama da kallon allura ya rufe ido.

Warin ƙuna ne ya buɗe mini su. Abin da ke daidaita saurin injin ya ƙone, injin ya zabura, muryar ta koma tsuwa irin ta tsuntsu, zaren kaset yana ta naɗewa a jikin sandar da ke jan sa. Nan ma da na natsu na kashe akwatin, na warware a hankali da tsinke, da an ceci mafi yawa. Sai na fizgo kaset ɗin. Zaren ya biyo shi ya zubo a kan tebur, ya faɗa kan ƙarfen dalma da ke zaune da zafinsa. Kafin in ɗauke ya tattare ya zama ɗan baƙin dunƙule.

Na kashe akwatin bayan ba sauran abin da zai ƙona. Na zauna. Ɗanlami ya leƙo da wasansa, ya ga fuskata, ya ce, "Malam Isa, lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ce masa a'a. Ya tsaya kaɗan, ya ja mini ƙofar shagon ya tafi.

Da kika dawo daga Falgore na ce miki rikoda ta lalace, kayanta sai an samo daga Legas. Kika ce a ari ta maƙwabta, na ce ban yarda da rikodar kowa ba, za ta cinye mana kaset. Ki ji fa, ni nake faɗin haka. Kika ce in nuna miki shi ko gani ki yi, na ce yana ƙasan akwati na adana. Kowace salla da sabon dalili, ke kuma ba ki taɓa yi mini musu ba, sai ki ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin ya fi komai ci mini rai. Lalata kaset kuskure ne na minti biyu, amma ƙaryar da gangan na yi ta, na kuma maimaita, don ina tsoron yadda za ki dube ni. Uwa ɗaya gare ki, abin da ya rage miki nata ke nan, ni da ya kamata in tsare miki shi na ƙona.

In kika ɓata abin wani, 'yata, kuma za ki ɓata, duk mai wannan sana'a yana ɓatawa, ki faɗa masa ranar, kafin ya tambaya. Na iya yi wa Kawu Jauro haka ina saurayi, na kasa yi miki da furfurata.

A cikin kwalin, ƙarƙashin akwatin, za ki ga ƙaramin ƙunshi a cikin ɗankwalinta mai ruwan ƙasa. Abin da na ceto ne. Na yanke inda ya ƙone, na haɗa sauran, na sake masa gida. Sallamarta tana nan, da gaisuwar, har zuwa inda ta fara maganar gyaɗa. Daga nan sai shiru, sai kalma uku na ban kwana. Kada ki sa shi a rikodar da ba ki gwada da wani kaset ba. Ki nemi inda ake kwafa a yi miki biyu, abin da ya kamata in yi tun kina 'yar firamare, ni da nake kwafa wa mutane wa'azi kullum.

Ban ce ki yafe mini yau ba. In kin ga ba za ki iya rubuto mini ba sai bayan wani lokaci, na fahimta, ki dai sa Gwaggonki ta aiko a ce kina lafiya.

Amma ina da roƙo ɗaya, ina kuma jin nauyin yin sa. Kin san Fillancina bai wuce gaisuwa da sayen nono ba. Abin da ta faɗa bayan "baban Ummi kuwa," ban taɓa sanin ma'anarsa ba. Tana raye na tambaye ta, ta ce ba da ni take ba, da yayanta take. Bayan rasuwarta ban iya kai wa kowa a Falgore ya fassara mini ba, ina suruki zai kai irin wannan? Ke kuma da kika girma kika iya harshen a wajen kakarki, na lura duk lokacin da aka zo wurin sai ki sunkuyar da kai kina murmushi. Sau da yawa na buɗe baki in tambaye ki, kunya ta hana ni, na ce ai kaset yana nan, wata rana. Na haddace sautin kamar karatu, amma yanzu ya fara zame mini, in na gwada maimaitawa a raina sai in ji na rasa tsakiyar. Bello ya rasu bai taɓa ji ba. Duk duniya ke kaɗai kika san abin da matata ta faɗa a kaina ranar nan.

In zuciyarki ta sauko, ki rubuto mini shi da Hausa, yadda ta faɗa, kada ki gyara. Ko ƙarata ta kai wa yayanta, ki rubuto haka nan. Ina so in san abin da ya ba ta dariya.

Allah ya jiƙan Innarki, ya haskaka kabarinta. Allah ya tsare mini ke daga sharrin wuta da na mutane, ya ba ki hannu mai natsuwa, ya yi wa karatunki albarka, ya dawo mini da ke lafiya. Ki gaishe da Gwaggonki da mutanen gidan duka. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa mai rediyo